Darar Nomau da Cindo

A wani daji da ci gaba ya shiga da ƙarfinsa, har ƙadangare ma yana yawo da waya, akwai wani tsohon kunkuru mai suna Nomau. Duk dukiyarsa a duniya wata tsohuwar kwamfuta ce wadda sai ta yi tari kafin ta tashi. Da ita yake buga dara da ƙaninsa Cindo, wanda ya yi ƙaura zuwa bayan dutse shekara goma sha biyu da suka wuce.

Hira ba ta cikin halinsu, tun suna yara ba su iya ta ba. Kullum bayan la'asar Nomau zai matsar da ɗa guda, kashegari ya tarar Cindo ya matsar da nasa, sai ya san ƙaninsa ya kwana lafiya. Gaisuwarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Wata Laraba sanarwa ta fito cewa za a rufe wasan ga duk mai tsohuwar na'ura. Nomau ya ja jiki zuwa kasuwa neman sabuwa, ya tarar babu ko ta magani. Giwa ta saye kayan haɗa kwamfuta kaf, domin tana gina wata ƙatuwar na'ura da aka ce za ta hutar da dabbobi wahalar tunani.

Ranar zaman majalisar kasuwa ya je ya durƙusa gaban Dila, Sarkin Kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ban zo ƙarar kowa ba," in ji Nomau. "Na'urata tana aiki, ta ƙanina ma tana aiki. Dara ce, gida talatin, ba ta canza ba tun kaka da kakanni. Ku bar mana 'yar ƙofar nan a buɗe. Ni tsoho, shi tsoho, ba za mu daɗe muna damun ku ba."

Dila ya gyara zama, ya tausasa murya.

"Baba, mun ji kukanka, kuma wallahi ya taɓa mu. Amma ka gane, ba rufe wasan muka yi ba, inganta shi muka yi. A sabon, har inuwar kowane ɗa ana gani. Kuma saboda irinku majalisa ta yi tanadi. Na'urar Giwa za ta riƙa buga dara da duk tsohon da ya rasa abokin wasa, kyauta. Ta haddace wasan ƙaninka tsaf. Ba za ka ga bambanci ba."

Aka tafa. Hawainiya, wadda jiya-jiyan nan take zagin sabon wasan a bakin rafi, ta fi kowa tafi.

Ranar Juma'a aka rufe, ana tsakiyar wasa, saura Cindo ya taka. Kwana bakwai Nomau yana kunna kwamfuta bayan la'asar, yana kallon allo fayau. Kewa ta cika masa ciki, ko ganye ya kasa ci. Bai san ko Cindo na raye ba, amma ya san in yana raye, can ma haka yake zaune yana kallon allo.

Rana ta takwas ya je zauren Giwa. Na'urar ta yi masa sannu da zuwa, ta jera 'ya'ya daidai yadda Cindo ke jerawa. Suka yi wasa uku, ya cinye duka ukun.

"Madalla, Yaya," in ji na'urar. "Gaskiya ka fi ni iyawa."

Shekara saba'in ke nan, ko sau ɗaya Cindo bai taɓa yarda an fi shi ba. Idan aka cinye shi, kwana uku yake yi bai taka ba don haushi, kuma wannan haushin Nomau yake so ya sake gani kafin ya mutu.

Ya yi wa na'urar godiya, don ba ta yi masa laifin komai ba. Da safe ya ɗaure 'ya'yan dara na gaske a tsumma, ya fuskanci dutse. Tafiyar damina biyu ce ga kunkuru mai ƙarfi.

A zama na gaba, majalisa ta bayyana farin cikinta cewa koke-koken tsofaffi sun ragu da ɗaya.