Rasuwar Fiffiken Gonar Hamma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Mijinyawa ɗan Hamma na Jajaye yana sanar da jama'ar Rogo da Ƙaraye rasuwar tsohon maƙwabcinsa, Fiffiken jirgin yaƙi, wanda ya shekara arba'in da bakwai kwance a gabashin gonarsu.

Marigayin baƙo ne. Ya faɗo daga sama a zamanin yaƙin Hitila, Mijinyawa yana ɗan shekara tara, kuma tun daga ranar bai ƙara motsawa ba. Bai taɓa cin gyaɗar kowa ba. Makiyaya sun fake a inuwarsa, mata sun shanya kuɓewa a bayansa. In hadari ya taso daga gabas, shi ke fara faɗa, wuuu, wuuu, kuma bai taɓa yin ƙarya ba, abin da ba za a ce da wasu masu gemu ba. Da la'asar sakaliya kuwa sai ya riƙa ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Yara kan yi dariya. Mijinyawa bai taɓa yi ba.

Bai yi jinya ba. Ajali ya same shi a bazarar bana, Mijinyawa yana kwance asibiti ana yi masa aikin ido. Masu zubin tukwane suka zo da guduma da zarto, Muntaka, babban ɗan Mijinyawa, ya ce su ɗauka, ai ƙarfen banza ne mai cin kunya shida. Kwana biyu suka yi suna yanka. Tarakta ta bi ta kai, ta shafe wurin sumul.

Ya bar tukwane masu yawa a kasuwar Rogo, da ƙadangarun da suka rasa gida. Ya kuma bar mutum ɗaya.

Mijinyawa ya ce yau a faɗa. Ranar da jirgin ya faɗo, kafin sojoji su iso, Hamma ya tarar da matuƙin jirgin, saurayi ne ko gemu babu, ya riga ya cika. Ya kasa barin ɗan mutane ga ungulu, ya binne shi a ƙarƙashin fiffiken. Da Turawa suka zo suna tambaya, tsoro ya kama shi, ya yi gum. A gadon mutuwarsa ya ce, "Mijinyawa, kada a ɗaga ƙarfen nan. Wata rana danginsa za su zo, ka nuna musu."

Kullum Mijinyawa yana cewa gobe zai gaya wa Muntaka. Laifin nasa ne, ya sani, kuma abin yana cin sa. Sau uku yana zuwa gonar da sabon idonsa, ya kasa gane wurin.

Ba za a yi wanka ba, ba gawa. Za a taru a gonar Hamma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ana roƙon duk wanda ya taɓa fakewa a inuwar marigayin, makiyayi ko mai tallan fura, komai tsufansa, ya zo ya tsaya daidai inda ya saba zama. Inda mutane suka kewaye, nan Muntaka zai dasa dutse.