Kunnen Sabitu Jamus

Wani mutum ne a layinmu, Sabitu bakanike, wanda ya raɗa wa kansa Jamus. Ni dai haƙuri nake so ya ba ni, a bainar jama'a, don a bainar jama'a ya zage ni. Ku saurara ku yi hukunci.

Kullum a teburin mai shayi zancensa ɗaya: shi ba ya saita taimin inji da alama. "Alama ta 'yan koyo ce! Ni da kunne nake yi. In kara kunnena, kamshaf ɗin da ke cikin injin da kanta za ta gaya min inda take so."

Sai ga Nazifi, ɗan Alhaji Maikaba, ya kawo jar motarsa ta tsere, wadda zai yi wasa da ita ran Asabar a bikin abokinsa. Bel ɗin taimin za a canza. Sabitu ya ce kowa ya hallara bayan la'asar ya ga aiki.

Da azahar na biyo ta garejin, ba kowa, bonet a buɗe. Me zan gani? Zanen alli, karkatacce, nan da can a jikin injin. Na ce lallai yaran unguwa ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a gaban allo ba ya ganin ƙazamin rubutu ya wuce. Na zaro hankici na goge tas. Taimako na yi.

La'asar ta yi, jama'a suka cika. Sabitu ya naɗe hannun riga, ya ɗauki sabon bel, ya leƙa. Ya sake leƙawa. Ya haska tocila, rana ko faɗuwa ba ta yi ba!

Nazifi ya ce, "Oga Jamus, lafiya?"

"Ƙalau. Ina sauraro ne."

Ya manna kunne a jikin injin da ko tashi bai yi ba, gumi na ɗiga. Can dai ya ɗaura bel ɗin da ka, ya ce a murza makulli.

Ƙir-ƙir-ƙir. Shiru. Ƙir-ƙir... TAU! Salansa ta yi aman baƙin hayaƙi, awaki suka watse, mai rake ya bar baronsa ya sheƙa.

Sabitu ya ɗora hannu a ka, ya kurma ihu: "Wane ɗan iskan ne ya goge min allina?"



Na matso na ce, "Ni ne, Malam Lurwanu. Ka janye kalmar nan yanzu, don na koyar da ubanka."

Nazifi ya ce, "Tsaya, Baba. Oga, wane alli kuma? Ba da kunne kake yi ba?"

 Mai shayi ya leƙo daga bayan tukunya ya ce, "Ku yi masa uzuri, jama'a. Malam ne ya share masa kunnen da hankici."