Yadda Ake Yi Wa Layin da Ya Faɗi Jaje a Jarrabawar Turanci

Baiwar Allah, labarinki ya iso gare ni. Maigida ya haye ƙasar waje karatu, ke kuma an ce ba za ki bi shi ba sai kin ci jarrabawar Turanci, inda za a ajiye miki zanen alƙaluma mai layuka masu hawa da sauka a ce ki bayyana abin da kika gani. Share hawayenki. Bi matakan nan, na rantse kin ci kin gama, kuma ba zan yi kaffara ba.

1. Fara da gaisuwa

Malamin lesinku zai ce, "Hajiya, ki shiga bayani kai tsaye." Rabu da shi, bai san darajar mutane ba. Mai duba takardar nan ɗan wani ne. Tambaye shi gajiya, da iyali, da yadda ya ji da jama'a. Rabin shafi ya tafi, an kuma san daga gidan tarbiyya kika fito.

2. Kada ki ƙirga mutane

In zanen ya nuna yawan jariran da aka haifa, kul kika rubuta adadi! So kike bakinki ya kama 'ya'yan mutane? Rubuta, "Tubarkalla, suna da dama."

3. Layin da ya faɗi

Nan ake gane mai imani. Layin cinikin takalma ya hau, ya hau, sai ga shi ƙasa warwas. Marasa tausayi za su rubuta "ya ragu sosai" su wuce abinsu. Ke ki jajanta. Sannan ki tono dalili, ai ruwa ba ya tsami banza. Tun a gida ki gwada da surukarki. Tana gyara tabarau za ta ce, "'Yar nan, wancan jan layin ne ya sa masa ido, tun farko yake bin sa a gindi." Haddace wannan. Malamin lesin zai dafe kai ya ce ba a tambayi ra'ayinki ba. Yo shi wa ya tambayi nasa?

4. Taƙaitawa

Za a so ki faɗi inda al'amura suka dosa gaba ɗaya. Ke kin san gaibu ne? "Allah ne masani" ta wadatar.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe miki biro ba. In sakamako ya zo a karkace, babu ruwana, kada a ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ke za ki san abin da za ki gaya wa ƙaramar 'yarki, wadda in an ce mata "Ina Abba?" sai ta nuna waya.