Ayar da na sa aka buga a jikin roba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Saratu ba. Ko na so in manta ma, mutanen Illela ba su da niyyar taimaka mini.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a wancan lokacin. Dattijo ne ni a ikkilisiyarmu, ina da shagon magani kusa da kasuwa, shekarata ashirin da ɗoriya a garin nan tun da na baro ƙasar Zuru. Ina da wani ƙaramin Littafi Mai Tsarki baƙi wanda ke shiga aljihun gaban riga, duk na ja wa ayoyin da nake so layi da jan biro. Ayoyin nan na haddace su kamar sunayen 'ya'yana. Abin da ke gabansu da abin da ke bayansu kuwa, ban taɓa ganin ya shafe ni ba. Ko suna ake yi, ko jana'iza, ko buɗe sabon shago, da an ce "Dattijo, ba mu aya," kafin a rufe baki na harba. Har laƙabi gare ni, Rumbun Ayoyi. (Ni na fara kiran kaina haka, amma dai jama'a sun karɓa.)

Sai ga Malama Rifkatu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare kuma take jagorantar nazarin Littafi a zumuntar mata, ta dawo daga hutu da wani ƙaton Littafi Mai Tsarki mai sharhi. Kun san irinsa: ayoyi a sama, a ƙasan kowane shafi kuma ƙananan rubutu suna bayanin wa ya yi maganar, wa ya gaya wa, a wane hali, me kalmar take nufi a zamanin. Har da taswira a bayansa. Matan suka yi ta yaba shi, wai wuraren da suka daɗe suna tsallakewa yanzu sun gane. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin tambayoyin da a da ake kawowa shagona yanzu gidan Malama ake kai su.

Saboda haka na buɗe masa wuta. A taron addu'a na ce wasu sun fara ɗauko bulo suna zuwa sujada, mu yi haƙuri, wataƙila gini za su yi mana. Na ce Maganar Allah ba jinjiri ba ce da za a tauna mata abinci. Na ce mu da muke da Ruhu ba ma buƙatar rubutu mitsi-mitsi na ƙasan shafi. Aka yi dariya, ni kuma na ji kaina ya ƙara girma. Da muka koma gida matata ta ce, "Baban Ladi, kai da kake hana mutane shan magani sai sun ji abin da takardar cikin kwali ta ce, kai ne kake wannan magana?" Na ce mata magani daban, Nassi daban, ta je ta duba miyarta.

To, ga yadda auren ya taso. Baba Ishaya manomin albasa ne a Kalmalo, tsohon ɗan ikkilisiyarmu, ya daɗe a can har harshensa ya koma na Sakkwatawa. Wani saurayi daga Ƙonni da ke tsallaken iyakar ƙasa, Bulus, ya zo ya yi masa aikin garka, wato lambu, shekara bakwai, yana kwana a gidansa, yana ɗan kiwon tumaki a bayan gida. Ya nemi 'yar Baba, Saratu, ita ma tana sonsa. Baba ya ce bayan girbi. Aka yi girbi, ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce sai yarinya ta gama kwas ɗin ɗinki. Da Bulus ya gaji, wata safiya Baba yana gona, ya kora tumakin ya tsallaka iyaka ba sallama. Baba ya ce rabin tumakin nasa ne, ya hau babur ya bi shi har Ƙonni, aka yi cacar baki a gaban jama'a. Wata huɗu dattawan ɓangarorin biyu suna zirga-zirga kafin a sasanta a sa rana. Fastonmu ya tara mu ya ce, "Don Allah, ranar bikin nan ko kukan tunkiya kuka ji, ku ce akuya ce. Kar wanda ya tayar da maganar."

Ni aka ba shugabancin kwamitin biki, ni ne kuma zan yi gajeren gargaɗi a wurin walima. Na zauna na yi tunani: yarinya za ta tsallaka iyaka, uba yana nan, suruki yana can. Sai wata aya daga cikin masu jan layi ta faɗo mini, Farawa sura talatin da ɗaya, aya arba'in da tara, inda ake cewa Ubangiji ya zama mai tsaro tsakanina da kai in mun rabu ba ma ganin juna. Na ce kai, wannan ai saukar wahayi ne. Don kar hikimar ta tsaya a kunne kawai, na sa aka buga ta a jikin robobin da za a raba wa baƙi, guda ɗari biyu, tare da hoton ango da amarya suna murmushi.

Ana jibi biki Malama Rifkatu ta biyo ta shagona, ta ga robobin a jere. Ta ɗauki ɗaya ta karanta, ta ajiye a hankali.

"Dattijo, ka duba surar daga farko kuwa?"

"Malama, kafin a haife ki nake karanta Farawa."

"Haka ne, Baba. Amma da ka ba ni minti biyu in nuna maka wani abu."

"In maganin ciwon kai kike so, ga shi. In wa'azi ne, jibi ki zo da wuri ki samu kujerar gaba."

Ta ce Allah ya kai mu, ta tafi. (In kuna neman mutumin da aka miƙo masa igiya yana cikin rijiya ya ce shi wanka yake, ga ni.)

Ranar Asabar aka ɗaura aure lafiya, aka fito harabar coci ƙarƙashin rumfuna. Mutanen Ƙonni a dama, mutanen Kalmalo a hagu, 'yan zumuntar mata cikin anko suna ta guɗa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo taya murna, cikinsu har da Alhaji Garba, aminin Baba Ishaya, wanda kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa in zai yi raɗa sai an ji shi a bakin titi. An riga an raba robobin, kowa na riƙe da tasa cike da shinkafa.

Na karɓi makirufo cikin babbar rigata mai ruwan madara. Na kira Baba Ishaya da Bulus suka fito gaba, na sa suka riƙe hannun juna. Na ce yau zan sa musu albarkar da ta fi kowace daɗi a cikin Littafi, albarkar masoya biyu da rabuwa ta zo musu ba da sonsu ba. Na zaro ƙaramin littafina, sai na tarar na bar tabarau a cikin ɗayar rigar. Ayar fa na haddace ta, da na faɗe ta da ka da an wuce wurin. Amma idona ya faɗa kan Malama Rifkatu a kujerar gaba, bulonta a kan cinya, sai na ga ga dama ta samu in ƙarasa shi a bainar jama'a.

"Malama, taso ki karanta mana daga naki, tunda an ce ya fi namu ilimi."

Ta taso, ta karanta ayar, ta rufe littafin za ta koma.

"A'a, tsaya mana. Ina rubutun ƙasan? Ki karanta shi mu ji abin da zai ƙara wa Allah."

Ta kawar da makirufo daga bakinta ta ce, "Baba, ka bari."

Ni kuwa na kusantar da nawa bakin na ce, "Jama'a kun ji ko? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karanta duka, Malama, kar ki rage ko ɗigo."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa ragon layya, sannan ta buɗe. Da muryarta ta 'yan aji uku, a hankali, kalma-kalma, ta karanto cewa mai wannan magana Laban ne, yana yi wa surukinsa Yakubu. Cewa Yakubu ya yi masa bauta shekara da shekaru saboda 'yarsa, shi kuwa yana ta sauya masa alkawari. Cewa da Yakubu ya gaji sai ya kwashi garken ya gudu ba sallama, Laban ya bi shi ya cim masa, suka tara duwatsu suka yi iyaka a tsakaninsu. Ta ja numfashi ta ƙarasa: maganar ba sa albarka ba ce, kashedi ne tsakanin mutum biyu da ba su amince da juna ba, ma'anarta, tunda idona ba zai kai gare ka ba, Allah ya sa maka ido.

Wurin ya yi tsit, har ana jin janareta yana tari a bayan coci. Na ga hannun Baba Ishaya ya zame daga na Bulus. Cikin wannan shirun ne Alhaji Garba ya karkata wajen na kusa da shi ya yi raɗarsa:

"Wai mi anka ce? Zancen tumakin nan na anka sa cikin littahi?"

Wani daga bayan rumfa ya fashe da dariya, wasu suka kama, sauran suka sunkuyar da kai suna karanta jikin robobinsu kamar yau suka fara ganin rubutu. Kawun ango ya miƙe, roba a hannu, ya ce, "To, mun gode. Mun taso tun daga Ƙonni a ce ɗanmu ɓarawo ne, kuma a buga mana shi mu tafi da shi gida." Baba Ishaya ya gyara hularsa, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Saratu ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka.

Ni kuma, shugaban kwamiti, Rumbun Ayoyi, me na yi? Na ce, "Bari mu raira waƙa." Na ɗauko waƙa da ƙarfi a makirufo. Ba wanda ya amsa. Mai ganga ya dube ni, ya ajiye sandarsa. Haka na rera baiti ɗaya cur ni kaɗai, gumi na bin ƙeyata, muryata na dawowa daga bangon coci tana gaishe ni, har Fasto ya zo ya zare makirufon daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Shi ya bi Baba Ishaya har bakin hanya ya dawo da shi, shi ya ba mutanen Ƙonni haƙuri. Aka ƙarasa biki sama-sama, aka kai amarya. Ni dai na ci gaba da zama a bayan rumfa ina gadin kulolin abinci, aikin da ba wanda ya sa ni.

Lahadi ban je coci ba, zazzaɓi ya kama ni. (Mai shagon magani ne ya tabbatar da zazzaɓin, wato ni.) Litinin da safe na hau babur na tafi Kalmalo ba da haƙuri. Na iske Baba Ishaya a garka yana ban ruwa. Na tsuguna na fara, ya ɗaga mini hannu.

"Tashi, Dattijo. Jiya bayan sujada na sa Malama ta karanta mini surar dut, daga sama har ƙasa. Ka san abin da tsohon nan ya ce wa yaron bayan ayar taka? Ya ce in ka wulaƙanta mini ɗiya, ko ba kowa wurin, Allah na gani."

Ya toshe ruwan da ƙafa, ya buɗe wa wani kwamin albasar.

"Shekara bakwai wagga magana nike son hwaɗa ma Bulus, na rasa bakin da zan kama ta. Ba tumaki na damuwata ba. Tsoro nike a kai mini ɗiya inda idona ba ya kai. Jiya da marece na kira shi, na hwaɗa mashi. Ya ce shi ma ya sa an karanta mashi. Munka yi magana irin wadda ba mu taɓa yi ba."

Zuciyata ta yi sanyi, kuma nan take tsohon halin ya motsa. Na gyara murya na ce, "Ka ga ikon Allah ko, Baba? Ashe Ruhu ne ya bishe ni ga ayar."

Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai? Kai waƙa ka yi. Ƙananan rubutun nan su sunka yi wa'azi."

Na koma Illela da albasa rabin buhu a bayan babur, da sabon suna da ya riga ni isa kasuwa. Har yau in na wuce ta tashar babura sai in ji an ce, "Baba Laban, a sauka lafiya." Makon da ya biyo na aika Sakkwato aka sayo mini nawa mai sharhin. A cikin wata guda na gano ayoyi uku cikin waɗanda na daɗe ina ta'aziyya da su, ashe maganar mutanen da Allah ya tsawata wa ne a ƙarshen littafin da ayoyin suke ciki. Allah ya jiƙan waɗanda na binne da su.

Abin da na koya dai shi ne, aya ma 'yar gida ce, tana da iyaye, tana da maƙwabta. Ba a ganin ta a hanya a ce ta yi kyau a kai ta ɗaki. A tsaya a yi tambaya tukuna. In kuwa mace mai natsuwa ta kawar da makirufo ta ce maka "Baba, ka bari," to ɗan'uwa, ka bari.