Yadda Za Ki Shawo Kan Uwar Miji da Alayyahon Turawa

'Yar'uwa, in kwanon uwar mijinki yana dawowa da miyarsa kamar ba a taɓa ba, wannan bayani naki ne. Ban saba rubutu irin wannan ba, ki yi haƙuri da ni, amma hanyar ba ta faɗuwa. A gaban idona yayata Laraba ta bi ta a gidan aurenta a Tarai, inda Iya, uwar mijinta, ta daɗe tana cewa yarinyar ba ta da hannun miya.

1. Ki samo iri daga nesa

Irin gida kowa ya san shi, ba ya ɗaga darajar kowa. Mijin Laraba, Ishiyaku, yana kai gyaɗa Kano da jakuna, can wani kukun Bature ya ƙulle masa 'yan ƙwayoyin irin alayyahon Turawa a tsumma. Kamar busasshen kashin ɓera suke. Kada ki faɗi haka. Ki ce, "Daga Kano."

2. Ki shuka inda za a gani

Ki bari sanyi ya shigo. Ki yi ɗan fangali kusa da rijiya, ki zuba toka da takin awaki, ki kewaye da ƙaya. Ƙaya tana hana akuya, amma ba ta hana ƙanwar miji. Da ganyen Laraba ya tashi, faffaɗa, da jan kara, sai ƙanwar mijinta Huseina ta leƙo.

"Matar Yaya, lalle kika ƙunsa masa a ƙafa?"

"Haka Turawa ke son shi," in ji Laraba.

"Kin taɓa ganin Bature?"

"Na ga wanda ya gan shi."

Ki riƙe wannan amsa. Tana kashe magana iri-iri.

3. Kada ki tumɓuke

Na gefe ake tsinka, a bar na tsakiya. Haka zai yi ta fitar da sabo, ke kuma ki yi ta gyaɗa kai kamar ke kika umarce shi.

4. Ki ɓoye wa kanki kanwa

Hannun Bahaushiya da kansa yake zuwa wurin kanwa. Na Laraba ya je, ganyen ya narke ya koma kamar taɓon kududdufi. Kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci. In haka ta same ki, ki ce gwaji ne. Kashegari ki yanka karan daban, ki sa shi tare da kabewa da daddawa da dakakkiyar gyaɗa, ganyen kuwa sai tukunya ta kusa sauka.

5. Ki aika, ki ɓuya

Ba a tsayawa a kan uwar miji tana cin abinci, ko da zuciya za ta fashe. Laraba ta miƙa wa Huseina kwanon, ta shige ɗaki, ta hau tsintar waken da ta riga ta tsince. Can sai ga kwano ya dawo an suɗe shi tas.

"Iya ta ce Allah ya yi miki albarka," in ji Huseina, tana danne dariya. "Ta ce kuma in ya yi kai a ajiye mata iri. Ta riga ta yi wa 'yan'uwanta na Dawaki alkawari."

6. Ki jira iri

Nan ne ilimina ya ɗan yi rauni. Alayyahon gida yana yin kai ya zubar da iri ko ba a roƙe shi ba. Wannan kuwa ganye kawai ya sani. Laraba ta daina tsinka don ya huta, ya ƙara ganye. Ta ƙara taki, ya ƙara ganye. Ishiyaku ya koma wurin kukun neman wani irin, aka ce an sauya wa Baturen gari, kukun ya bi shi da tukwanensa.

Yanzu kullum da hantsi Iya da kanta take jawo guga, ita da Laraba su tsuguna a bakin fangali suna buɗa tsakiyar ganye.

"Ya kusa, 'yata?"

"Ya kusa, Iya."

Ni dai ba ruwana da abin da zai biyo baya, kada a turo mini mutanen Dawaki. Na ce uwar miji za ta so ki. Ban ce alayyahon zai yi fure ba.