Ranar da Aka Kama Iya da Laifin Gudu

"…da gajiyar jiya, amaryata? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kai kuma wace iska ta kwaso ka da hantsi, har da durƙuso? Rabon da ka durƙusa mini tun ranar da ka fasa mini randa."

Sagiru ke nan, jikan Iya, wanda duk unguwar Ƙofar Kuyambana an sallama masa a surutu. Bara Iya ta sayar da filinta na gado ta saya masa keke napep, takardu da sunanta, bisa sharaɗi guda: ranar da aka kama shi da gudu, makulli ya koma hannun ƙaninsa Muhsin. To jiya ma'aikatan kiyaye haɗurra sun tare shi a hanyar Kufena, sun riƙe keken, sun miƙo masa takardar tara. Durƙuson dai ba na Allah da Annabi ba ne.

"Jaje na zo yi miki, Iya. Hukuma na nemanki."

"Ni? Me na ci musu?"

Ya zaro takarda ya warware. "Gudu. Ga shi a rubuce. Direba, Hajiya Asama'u. Kilomita sittin."

"Kai, ja'iri! Sunan nawa kake kira gatsal? Ubanka ma bai isa ba."

"Ba ni na faɗa ba, gwamnati ce."

"Ni da sai na huta sau biyu kafin in kai bakin rijiya?"

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ashe muna zaune da ke, ke kuwa tsere kike fita."

"Miji na banza, ba cefane sai sharri. Faɗa mini gaskiya kafin sandar nan ta faɗa maka."

Sagiru ya ja baya kaɗan, don ya san tsawon sandar. "Ma'aikacin ne ya kwafi sunan da ke takardun keke, bai tambayi nawa ba. Gurbin lambar lasin ma fayau ya bar shi. Abokina da ke aiki a ofishin lauya ya ce irin wannan takarda ba ta aiki. Mu je su gan ki da idonsu, su soke ta, su sako keke. Amma yau ne wa'adi, ƙarfe huɗu suke tashi."

"To wa ya yi gudun?"

"Ai ba a nan maganar take ba."

"A nan take."

"Lauya ya ce kada in amsa wannan."

"Madalla. Ni kuwa zan amsa. In na je sai in ce ni ce. Na ɗaure ɗankwali, na murɗa hannu, kaji na watsewa."

"Iya!"

"Duk tsofaffin unguwar nan wa aka taɓa kamawa da gudu? Ladi tana cika mana baki ta hau jirgi sau biyu. To ita hawa ta yi, ni tuƙawa na yi."

"Kulle ki za su yi, wallahi. Babu goro a can."

"Sai ka riƙa kawo mini, ka ga ka fara aikin miji. Muhsin kuma ya riƙa kawo ka a keke, in ya ga dama."

Nan wasa ya ƙare wa Sagiru. Tsoro ya kama shi sosai, don bikinsa saura wata biyu, kuma keken nan shi ne cinsa da shansa.

"Don Allah, Iya, kada ki yi mini haka."

"Su can takarda suke karantawa. Ni ban yi boko ba, fuska nake karantawa. Ka yi ko ba ka yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi."

Iya ta kalle shi. Duk jikokinta babu wanda take so kamar wannan mai bakin, shi ya sa abin ya yi mata ciwo.

"Ban sayar da filin ubana don a shigo mini da kai a makara ba, Sagiru."

"Na tuba."

"Ka tuba, da ka hango Muhsin a madubin keke yana biye da kai. Miƙo mini mayafi da takalmi."

Ya zabura. "Allah ya bar mini ke! Bari in taro mana keke."

"Wa? Direba kamata ta hau keken wani? A ƙasa za mu."

"A ƙasa? Iya, ofishin nan sai an fita ganuwa!"

"Na sani. Kuma gidan Ladi an yi haihuwa ban je barka ba. Jalo an sallamo shi daga asibiti. Hadiza ta aurar da 'ya, ban yi mata Allah sa alheri ba. Duk a kan hanya suke."

Wanda ya taɓa raka Iya unguwa ya san ba ta wuce zaure ba ta leƙa ba, kuma gaisuwarta sai ta tambayi lafiyar awaki.

"Ƙarfe huɗu fa, Iya!"

"Ga shari'ata, ba lauya. In muka isa ba ka ce mini in yi sauri ko sau ɗaya ba, makulli naka ne. In bakinka ya suɓuce, na Muhsin ne." Ta ɓare goro ta miƙa masa rabi. "Ungo, ka ba bakin aiki."

Suka fito, tana dogara sanda yana biye. Taku bakwai cif suka yi, ta karkata zauren maƙwabta.

"Salamu alaikum, masu gida! Kun ji an kama ni da gudu?"

Sagiru ya dubi rana, ya buɗe baki, ya tuna. Sai ya jefa goron a ciki, ya zauna a dakali yana dariya har da hawaye.

"Ki gaishe su da kyau, ranki ya daɗe. Har awakin."