Ƙarfen Hanya

"Lafiya lau, sai gwiwa. Ita ma kai ka jawo mata, da ka rasa inda za ka tare a gidan nan sai maƙwabtaka da tankin ruwa."

Hajiya Yalwa ce ke amsa gaisuwar jikanta Majid, mai ce mata Sitti, wato kaka da Larabci, tana haki a ƙofar ɗakin da ke can ƙuryar saman benensu na unguwar Utaibiyya a Makka. Matakala arba'in da biyu ta hawo da sanda, kuma ba zumunci ya hawo da ita ba. Ɗanta Taha, ƙanen uban Majid, ya dame ta a ba shi ɗakin ya zuba kwalayen sallaya da tasbaha kafin alhazai su fara sauka. Gida nata ne, magana tata ce. Ko makullin kwaɗon ɗakin guda ɗaya ne, a bakin mayafinta yake kwana, Majid aro yake ya mayar. Abin da ke cikin ɗakin kuwa shekara huɗu ya yi yana gina shi, kuma ba zai fita ta ƙofar nan ba sai an sa masa zarto.

"Ahlan da amarya," in ji Majid. "Da na ji sanda tana ƙwanƙwasa matakala na ɗauka masu gyaran famfo ne."

"Miƙo makullina kafin ka fara rashin kunya."

Ya miƙa. Ta ƙulle shi a mayafi, ƙulli biyu, sannan ta shigo tana ƙare wa wurin kallo.

Gaskiya Majid ya yi aiki, ko wanda ba ya sonsa zai faɗa. Teburin katako ne ya zagaye ɗakin, layin dogo siriri a kansa, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Tasha biyu ce, ya sa wa ɗaya Utaibiyya, ɗaya Misfala, sunan wata unguwar. Tsakaninsu ya ta da dutse na filasta da ya kusa taɓa silin, baƙi ƙirin irin duwatsun Makka, ya huda masa rami, layi ɗaya tal ya bi ta ciki.

"Wannan ne ya hana ka aure?"

"Ke kika hana ni aure. Duk wadda na nema sai ta ce ta ji ina da tsohuwa a gida, haƙoranta a kofi suke kwana."

"Haƙoran kofi sun fi naka fari. Ƙaton gardi, shekara ashirin da takwas, ka tashi daga aikin otal ka zo kana jan motar gwangwani. Ni dai ban yi sa'ar miji ba."

"Sakinki zan yi, ya Sitti. Takardar ma na rubuta, biro ne ya ƙare."

"Da wace Hausar ka rubuta? Kai da in ka ce ƙofa sai an ɗauka ƙashi ya maƙale maka."

Ta zauna a kujerar roba, ta dogare sanda tsakanin ƙafafunta.

"To ji nan, maigida. Taha ya ce wasan yara ne. Kai ka ce aiki ne. Na hawo in gani da idona. In na ga aiki, ɗaki ya zauna. In na ga wasa, gobe ya hawo da kwalayensa."

Majid ya san kakarsa ba ta maimaita hukunci. Amma ya dake, ya gyara tsayuwa, ya shiga bayani. A nan ba a sakin jirgi ya yi ta zagaye kamar jakin niƙa. Kowane jirgi da lokacinsa a jadawali, ga shi nan manne a bango. Agogon da ke sama gudu yake, minti ɗaya na duniya shida ne a wurinsa. Kowane tarago yana da kati da ke faɗin abin da ya ɗauko da inda za a ajiye shi: wannan siminti, wancan dabino, wancan ruwa.

"Babbar doka kuma," ya ce, "ba a sa hannu. Mamnu'u, an hana. Tarago ko taku ɗaya zai matsa, sai kan jirgi ya je ya jawo shi. Ran Juma'a da abokaina suke zuwa, wanda ya taɓa jirgi da hannu, shi ke wanke kofunan shayi."

"Waɗannan 'yan robar da ke tsaye fa?"

"Fasinja ne."

"Sun fi ka tarbiyya. Tun da na shigo ba wanda ya tanka."

"Dutsen ma da gangan na yi shi dogo. Wanda ke wannan tasha ba ya ganin waccan, kamar yadda yake a gaske. Amma ina za ki gane, ke da kika shigo Makka a bayan jaki."

"Na san jirgin ƙasa tun kakanka yana yawo ba wando."

"A mafarki?"

"Ci gaba dai."

Aikin na mutum biyu ne, yau kuwa Asabar, abokan duk suna wurin aiki. Dole Majid ya ɗauko na'urar tuƙi ta biyu, wata 'yar aba kamar rimot mai maɓallin murɗawa, ya damƙa mata.

"Ke ce direban jirgin kaya. Ki murɗa nan ya tafi, ki mayar ya tsaya. Ƙarfe goma daidai za ki tashi daga Utaibiyya, goma da kwata kina Misfala. Ni ina biye da jirgin fasinja, goma da minti ashirin. Ko in rubuta miki a tafin hannu?"

"Rubuta wa uwarka. Ina ƙarfen?"

"Wane ƙarfe?"

"Ƙarfen hanya. Haka zan shiga rami hannu rabbana?"

"Ya Sitti, ba mu da wani ƙarfe. Jadawali muke bi. Zamani ya wuce ki tun kina barci."

"To."

Duk wanda ya zauna da Hajiya Yalwa ya san irin wannan "to" ɗin. Majid ma ya sani, ɗokin burge ta ne ya toshe masa kunne.

Agogo ya buga goma. Ta murɗa, jirgin kaya ya motsa a hankali, tarago takwas, ba fizga ba gargada. Majid ya yi mamakin hannunta amma bai faɗa ba, don kada ta samu abin fasa kai. Kan jirgin ya shige rami, taragu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ta miƙe, ta ja kujerarta ƙiii, ta zagaya bayan dutse wajen Misfala.

Majid ya jawo jirgin fasinja bakin dandamali. Wannan shi ne abin alfaharinsa, fari mai ratsin kore, da fitila a kowace taga. Ya kunna muryar sanarwa, ya busa usur, ya tsaya yana kallon agogo.

Daga bayan dutse muryarta ta taso. "Maigida, ba za ka tambaye ni ko na isa ba?"

"Ba a tambayar amarya. Jadawali ya ce kin isa tun minti biyar."

"Jadawalin ne ya gan ni?"

"Jadawali ba ya ƙarya. Ba irinki ba ne, da kika shekara goma kina cewa shekararki saba'in."

"To."

Goma da minti ashirin ya murɗa. Jirgin ya ɗauki gudu, ya kutsa rami da fitilunsa. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Ƙas, sai wani ɗan gurnani, sai shiru. Taragon ƙarshe ya tsaya a bakin ramin a karkace, ƙafafunsa biyu a sama, fitilun duk suka mutu.

Majid ya zagaya da sauri. Tashar Misfala wayam, ba jirgi. Kakarsa na zaune, na'ura a cinya, tana jan tasbaha.

"Ina jirginki?"

"Yana ciki."

"Me ya tsayar da shi?"

"Lalacewa ya yi."

"Wallahi bai lalace ba, ke kika mayar da maɓallin."

"Au, a ƙasarku jirgi ba ya lalacewa? Ba kai ka ce komai kamar gaske ba? To ga gaske nan. Ka kashe 'yan roba sittin, ciki har da mai goyo."

Majid ya durƙusa, ya buɗe wata 'yar ƙofa da ya ɓoye a gindin dutsen, ya zura hannu har kafaɗa.

"Hannu," in ji ta.

"Na gani."

"Mamnu'u, ka ce."

"Na ji, ya Sitti."

"Kofuna suna ƙasa, akwai ma na jiya."

Ya fito da kan jirgin fasinja, gilashin fitilar gaba ya tsage. Ba fitilar ce ta dame shi ba. Lissafin inda zarto zai fara bi yake, ko ta tsakiyar dutse ko ta tashar Misfala, abin kuwa ya yi masa ciwo sosai. Ya zauna a ƙasa, ko zolayar ma ta tsere masa.

Ta dube shi, ta ajiye tasbaha.

"Jaki ka ce ko? Da jaki muka baro Kano, ban musa ba. Guzuri ya ƙare mana a Sudan, a wata 'yar tasha kan hanyar bakin teku, gida huɗu da rijiya. Babana Garba ya kama aikin layi don mu samu na jirgin ruwa. Shi ke kunna fitilun tasha, shi ke miƙa ƙarfe. Layi ɗaya ne kamar naka. Wani ƙarfe ne na tagulla a jakar fata, an ɗaura shi a babban zobe. Shugaban tasha, nazir muke ce masa, zai ba babana, babana ya miƙa wa direba. Direban da ba shi da ƙarfen nan a hannu ba ya motsawa, ko da takarda ta ce lokaci ya yi. Na ga jirgi ya yini cur a tsaye, fasinja suna zagi da harshe uku, direba yana shan shayinsa. Ni kuwa daɗi nake ji, don ranar gyaɗata ke ƙarewa."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai dai haƙoran kofi."

"Shi Malam Garban fa? Na ɗauka a nan Makka ya rasu."

"A can yake, bayan rijiyar. Shekara bakwai yana miƙa wa jiragen bakin teku hanya, bai hau ko ɗaya ba. Zazzaɓin kwana uku. Ni da innata muka ƙaraso." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wancan ɗan robar mai fitila, me yake yi a bakin rumfar shayi?"

Majid ya waiga. Wani ɗan mutum-mutumi ne mai riƙe da fitila, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Shi ya manna shi a wurin, don ya rasa inda zai sa shi.

"Ado ne kawai."

"Ma'aikaci ba ado ba ne. Ɗauke shi ka kai shi bakin rami, nan ne wurin aikinsa. Na yafe maka hannun."

Ya ɓamɓare shi a hankali, ya tsayar da shi a bakin ramin, fitilarsa na fuskantar layi. Ta ce a matsar da shi dama kaɗan. Ya matsar. Ta daɗe tana kallon ɗan robar.

"To, amarya," in ji Majid, muryarsa ƙasa-ƙasa, "yanke hukuncinki. Wasa kika gani."

"Wasa na gani mana. Na ga miji ya bi matarsa cikin rami ya take ta, ko sannu bai ce ba. Da a tasharmu ne, nazir zai kore ka har da takalminka."

"Ai ke kika tsaya."

"Kai kuma ka shigo ba ƙarfe."

"Tsohuwa mai mugunta. Wallahi da gangan kika yi."

"Da gangan mana. Da kuskure zan hau matakala arba'in da biyu?"

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke girgiza mata kafaɗu, har sanda ta zame ta faɗi. Ta jawo bakin mayafi ta shiga kwance ƙullin. Na farko ya kwance, na biyu ya ƙi, sai da ta sa haƙoran nan da ake yi wa gori. Ta ɗora makullin a tafin hannunsa.

"Ga ƙarfenku. Ka nemo masa zobe babba. Daga yau ba mai shiga ramin nan sai yana riƙe da shi, ko kai ko waɗannan abokan naka marasa aikin yi. Wanda ya isa tasha ya zagayo ya miƙa wa na baya. Ran Juma'a ku hawo da ni, da kujera mai hannu. Tasha ba ta zama ba nazir."

Majid ya dubi makullin, ya dube ta.

"Baffa Taha fa?"

Ta miƙa hannu ya ɗauko mata sandarta.

"Taha ba shi da ƙarfe. Ya jira a tasha."